Ɗana Mai Kankare Fentin Wili, da Bakina da Ya Ƙi Buɗuwa

Zuwa ga Hajiya Baraka,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, abu ya tsaya mini a rai kuma lokaci yana ƙurewa.

Ni malamar firamare ce a Faskari, maigidana ya rasu. Maganar a kan ɗana na fari ce, kin san ba zan kama sunansa ba. Ya koyi kanikanci a Funtuwa ya dawo gida bara. Tun rabon kuɗin Udoji ga ma'aikata motoci suka yawaita, wasu alhazai suna sayo masu wilin alminiyam, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, da fentinsa na kamfani. Tsakuwar hanyoyinmu kuwa ba ta barin fenti, nan da nan ya ɓaɓɓare ya koma kamar kyasbi.

A nan yaron ya samo sana'a. Sai ya cire tayar, ya shafa wa wilin wani ruwa mai wari da yake sayowa Kaduna, fentin ya kumbura ya yamutse, ya kankare shi da katako, wai ƙarfe yana yi wa alminiyam tabo. Daga nan sai samfefa, mai kaushi zuwa mai laushi, yana yi yana yayyafa ruwa. Ya ƙarasa da tankaɗaɗɗiyar toka da tsumma, yadda na sa shi goge tukwane tun yana ƙarami, don ban yarda namiji ya tashi gidana yana jiran a yi masa komai ba.

Ni dai ban son halin wanga zamani. Mutum bai gyara dangar gidansa ba, ƙannensa ba takalmi, amma ƙafar motarsa sai ta yi walƙiya. Na sha gaya wa ɗalibaina fariya ba ta kai kowa ko'ina. To ga ɗana yana ci daga fariyar mutane.

Amma Hajiya, in kin ga aikin! Nakan laɓe bakin madafa ina kallo. Ba ya gaggawa, ba ya tsallake lungu, har cikin da ba mai gani sai ya bi. In ya gama kina iya duba fuskarki a jikin wilin ki ɗaura kallabi. Daga Ƙanƙara ake kawo masa yanzu. Kwanaki ya kankare na wani falken shanu daga Sabuwa, ya tarar da tsagewa ƙarƙashin fentin. Ya ajiye aikin, ya kira mutumin ya nuna masa, ya ce ba zai goge abin da zai kashe shi a hanya ba. Ranar na shiga ɗaki na yi hawaye.

Yanzu ƙanin mahaifinsa, Alhaji Mamuda, ya samo masa aiki a masaƙa a Kaduna, za a tafi bayan Babbar Salla. Ya ce gugar ƙarfe da toka aikin mata ne. Yaron ya gaya wa ƙanwarsa Suwaibatu ba ya son tafiya, amma zai tafi, tunda ya lura aikin ba ya burge ni. Ban ga laifinsa ba da ya zaci haka. Iyakar abin da na taɓa ce masa shi ne ya share ɓawon fentin kada kaji su tsattsaga. Ɗan fari ne. Tun haihuwarsa ban yabe shi a gaban idonsa ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Yaya zan yi?

Uwa mai alkunya, Faskari

Malama,

Wa'alaikumus salam. Abu biyu ke damunki, ko sana'ar fariya ce da kuma yadda za ki yabe shi, na farko kin riga kin amsa da kanki. Wanda ya ajiye aiki don ya ga tsagewa ba fariya yake sayarwa ba, amana yake riƙewa. Mai ɗinkin babbar riga ma ba shi ke ɗaukar alhakin taƙamar mai sa ta ba.

Kada ki raina maganar Alhaji Mamuda duka. Albashi abin dogaro ne, yayi kuma yana wucewa. Saboda haka ɗanki ya riƙe kanikancinsa tare da gugar. Ya riƙa gaya wa masu motoci gaskiya, cewa alminiyam da aka tuɓe wa fenti yana dusashewa da damina in ba a shafa masa banish, man nan mai sa ƙyalli, ko an riƙa goge shi ba. Ruwan nan mai wari kuma yana cin fata da huhu. Ya sa safar hannu, ya rufe hanci, ya fitar da aikin daga tsakar gida, nesa da rijiya.

Alkunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma waɗanda suka koya mana ita sun bar mana ƙofa, shi ya sa ake da goggo. Ki kira 'yar'uwar mahaifinsa ki gaya mata duk abin da kika rubuto mini, har hawayen. Ita za ta kai wa yaron, ita kuma za ta iya tausar Alhaji Mamuda yadda ke ba za ki iya ba. Ki yi haka cikin makon nan, kafin a yanke magana da masaƙa.

Allah Ya yi masa albarka, Ya sa ki daɗe kina kallon aikinsa.

Hajiya Baraka