Takarkarin Inna Dije

Wurno, daren Laraba, watan Rajab

Barci ya ƙi. Inna Dije da tag goye ni kullum tana ba yara labarin yadda anka kawo ta aure daga Goronyo bisa takarkari, da masu kalangu. Yau ta yi mini faɗa gaban baƙi, raina ya ɓaci, nic ce, "Wane aure? Kakana yas sayo ki kasuwa kafin zuwan Nasara!" Kowa ya sani, ba wanda yat taɓa faɗa mata. Mi yak kai bakina?

Tuwonta na nan rufe, ba ta ci ba. Bayan isha'i yara sunka taru, suna "Inna, labarin takarkari!"

Tac ce, "Ku tambayi Malam, shi yas san inda nif fito."

Tun ina goye, Ɗan Inna take kirana. Yau na zama Malam.