Hannun Kaka ya zama cuta, na kasa gaya wa yayana

Ibu Rosmini, don Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat.

Mu masassaƙan jirgin ruwa ne a garin Bulukumba. A gidanmu wanda ya gaji manyan hannuwa da faɗin haɓa irin na Kaka shi ake ba shugabancin sassaƙa, da taƙinsa ake auna katako. Kaka ya rasu bai kai hamsin ba, Baba ma haka, muka ce wahalar aiki ce. Yanzu yayana Sangkala ke riƙe da aikin.

Bara zobena ya ƙi shiga, takalmana suka matse, al'adata ta ɗauke. A birnin Makassar likita ta gano ƙari a wata 'yar halitta ƙarƙashin ƙwaƙwalwata, ta ce shi ke ƙara girman hannu, ƙafa da haɓa, yana taɓa ido, kuma yakan bi jini. Likitocin suna binciken wasu mitsi-mitsin abubuwa a ƙwayoyin jiki, maikro-RNA, ko su ke sa ƙarin ya tashi a jikin wani ya ƙyale ɗan'uwansa. Ta ce in kawo dangina. Kwana uku ina kuka.

Yaya kullum ciwon kai. Rannan aka miƙo masa guduma ta gefe, bai gani ba, kuma haka yake hawa saman jirgi! Ta yaya zan ce masa abin da ake girmama shi dominsa cuta ce? Mai zuciya ne, yana iya yanke zumunci da ni.

Ƙanwa mai fargaba

AMSA

'Yata, sannu. Tsoronki yana kan hanya: mutumin da aka yi wa kirari da hannunsa shekara ashirin ba zai so wannan labari ba. Amma fushinsa zai huce, idon da ya tafi ba lalle ya dawo ba.

Kada ki fara da Kaka, kada ki yi maganar gaban ma'aikatansa. Ki same shi shi kaɗai, ki nuna masa takardunki, ki ce ke ce ba lafiya, kina so ya raka ki Makassar. A can likita ta duba idonsa da jininsa. Maikro-RNA ɗin nan bincike ne da bai kammala ba, ki bar wa masana. Ƙarin kuwa ana maganinsa, ana kuma cire shi.

Gwanintarsa koyo ya yi, babu likitan da zai cire ta. Ki gaya masa haka, sannan ki roƙe shi kada ya sake hawa sama sai an duba shi. Cikin makon nan, ba bayan an gama jirgin ba. Allah Ya ba ku lafiya, Ya sanyaya zuciyarsa.

Ibu Rosmini