Akwatin Jibin da Aka Hana Babana

Salama a gare ku 'yan uwa. Admin don Allah ka ɓoye sunana, mutanenmu da yawa suna cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya.

Ni 'yar Lutheran ce, a Lafia na girma, aikin reluwe ne ya kawo babana daga wajen Numan. A shekarun tamanin muna da ƙananan majami'u uku, Shabu da Azuba da Agyaragu, babu wadda za ta iya riƙe fasto ita kaɗai. Babana ne ya yi ta zirga-zirga a keke har dattawa suka yarda a haɗa kai, fasto ɗaya, mashin ɗaya, da akwatin Jibin Ubangiji ɗaya mai ƙoƙo da faranti a ciki. Kowace majami'a da satinta, idan satinku ne ku za ku ciyar da fasto, ku zuba wa mashin mai, akwati ya kwana wurinku. Mu 'yan Shabu ne.

Lokacin wahalar man nan ta farkon shekarun casa'in babana ya kwanta ciwo, asibiti suka ce mu koma gida da shi. Wata Asabar da safe ya kira ni, ya ce ba ya son komai sai ya ci jibi kafin ya tafi. Satin Agyaragu ne, sai na hau a-kori-kura na tafi neman fasto. Na same shi a gidan babban dattijonsu, bari in kira shi Baba Iliya, suna cin sakwara. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ina kuka.

Baba Iliya ya ce gobe suna da sujadar godiyar kaka, sun gayyaci baƙi, idan fasto ya tafi mashin ya lalace a hanya wa zai ba su jibi? Na ce zai dawo kafin rana ta faɗi. Ya ce man da ke tanki nasu ne. Na ce zan saya wurin 'yan bumburutu in cika musu, ya ce ba maganar mai ba ce, tsari ne, kuma babana da kansa ya kafa tsarin. Yana magana ya tashi ya kwance filogin mashin ya jefa a aljihu, a gabana. Kalmominsa har yau suna kunnena: "'Yata, wannan sati namu ne. Ki gaya wa Baba ya yi haƙuri sai Litinin."

Fasto kuwa, yaro ne a lokacin, sabon fitowa daga makaranta, bai ɗaga kai daga kwano ba. Miya na bin yatsunsa yana lasa. Tun daga ranar ban sake cin sakwara da miyar agushi ba.

Da na koma babana ya dubi bayana, ya ga ba kowa, sai ya juya fuska bango. Ranar Lahadi ana cikin sujada ya cika. Litinin sai ga fasto a mashin, akwati ɗaure a baya, satinmu ya zo. Baba Iliya ma ya zo jana'iza, shi ya fi kowa doguwar addu'a.

Ban bar majami'a ba, na yi aure a ciki, yanzu ni ce shugabar zumuntar mata. Amma gaskiya duk sanda ƙoƙon nan ya iso bakina sai in tuna filogin nan a aljihun Baba Iliya, na yi addu'a a kai har na gaji.

To yanzu kowace majami'a ta samu fastonta, an shirya bikin tunawa da haɗin kan. Kwamiti suka ce tunda ni ce 'yar wanda ya fara, ni zan ɗauki tsohon akwatin a ka in shiga da shi ana waƙa, in ba da tarihi, sannan in miƙa wa Baba Iliya, shi kaɗai ya rage cikin dattawan farko, wai lambar yabon mai riƙon amana. Ranar mitin ya kama hannuna yana murmushi, ya ce, "Ai ni na riƙe wa babanki tsarinsa, ko sau ɗaya ban bari an karya ba." Ya manta ne ko raina ni ya yi, ban sani ba. Da na fito sai da na wanke hannun a famfo.

Maigidana ya ce tsoho ne, in rufe baki in yi abin da aka sa ni, kar a ce na ɓata biki. Ƙanena ya ce in karɓi makirfo in zazzage komai. Ni kuma ina tsoron in rusa abin da babana ya ƙare ƙafafunsa a kai, amma in na tsaya na yabi mutumin nan, na yi ƙarya a gaban bagade da sunan babana.

Kar kowa ya ce mini in yafe kawai, na san ayar, ni nake koya wa mata ita. Abin da nake tambaya, in ɗauki akwatin in yi shiru, in faɗi gaskiya a gaban jama'a, ko in sami Baba Iliya a gida tukuna? Ko kuwa in aika masa ya yi haƙuri sai Litinin?