Na Duba Ɗinkin Ciki, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Ya shago, ya ƙafar Umma?

Ni lafiya lau a Cheras, sai dai karatu ya kulle ni har na fara hira da bango. Shi ya sa ranar Asabar zan bi ƙawayena mu diro daga jirgin sama da lema.

Sabuwar rigar dirowa ta fi ƙarfina, sai na ɗauki gwanjo. Na juyo cikinta waje yadda ka koya min, na ja ɗinkin hammata, na gwada zif. Mai kantin ya tambaya ko tela ce ni. Na ce 'yar tela dai.

Zare ko ɗaya bai motsa ba. Na biya kuɗinta.

Ka sa min albarka. Umma kuwa, a bari sai Lahadi a gaya mata.

'Yarka,
Zuhra