Sunana a jan layi

Laraba, bayan Isha'i

Jikata Ummi ce ke rubuta min wannan, kuma ita ce mai laifin. Rubuta haka, kar ki rage ko kalma ɗaya.

Aikinta na kwamfuta ne, a nan tsakar gida take yi. Wai akwai wani inji da ke harhaɗa musu manhaja da kansa, yana rubuto abin da ya yi layi-layi. Aka ce ta gyara rubutun, daidai ya fito kore, kuskure ya fito ja. Shi ne ja'irar ta sa kowane jan layi ya fara da "Saudatu ta ce: wane sakaran ne ya yi wannan?"

Sunana na yanka! 'Ya'yan da na haifa ba sa faɗarsa. Malam maigidana har ya rasu bai taɓa kirana da shi gaban mutane ba. Yau abokin aikinta Nura, ɗan unguwar Sheshe, magidanci da gemunsa, ya shigo gaishe ni yana danne dariya, wai "Hajiya, yau sau tara kika zage ni." Ashe duk ofishinsu sun haddace sunana.

Ummi ta ce wasan jika ne, wai tun da ta sa, ba mai tsallake kuskure, da gudu suke gyarawa. To ina ruwana?

Ga hukunci. Ummi, ki cire sunana kafin ki kwanta, ki sa "Hajiya". Nura ya dawo ya gaishe ni a durƙushe, ba dariya. Zagin kuwa ki bar musu, tunda sakarkarun suna ji.