Kada Ya Zana Hannunki

Zuwa ga Hindatu, sanyin idona, dabinon Dutse na farkon nuna, inuwar da nake fakewa in rana ta ƙwalle.

Bayan gaisuwa da bege mai yawa, tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun da Baturen nan ya sauka a bariki, ni nake niƙa masa launi: shuni, gangamau, jan karan dafi. Mutumin nan ba ya zana doki, ba ya zana gida. Kayan ci yake jerawa a tebur, ya ƙura musu ido kamar maye, ya shafe ƙyalle da baƙi ƙirin, sannan ya ɗora ja. Wane irin ja, Hindatu! Goron da ya zana, sai ki ce in an taɓa zai zub da jini.

Kin tuna ranar da kika miƙo mini gwanda a ƙwaryarki, lalle ya kama yatsunki jajir, na tsaya kallo har kika ce ko hannuna ya mutu ne? Wauta da son a yabe ki suka sa na kai masa ita har da ƙwaryar. Kwana tara yana zanawa. Gwandar ta ruɓe, ƙudaje suka rufe ta, ƙwaryar ta tsage ba wanda ya taɓa ta. A ƙyallen kuwa ga su nan suna sheƙi, sun fi ranar da kika ba ni kyau. Ina ransu ya koma, in ba can ba? Ban taɓa ganin abin da ya zana ya tsira ba.

Jiya ya hange ki a bakin rijiya. Ya ce jan lallenki ya fi duk wanda nake niƙawa. Ya tura tafinta wurin mahaifinki, Baba Maharazu, wai ranar Laraba ki zo ki riƙe masa ƙwarya ya zana hannunki. Wa ya isa ya ce wa Bature a'a? Ba Baba ba, bawan Allah.

Don Allah, hasken raina, ki tafi Ringim wurin Gwaggo Larai kafin Talata. Kada ki tsaya sallama da kowa, har ni! Ni kuwa na tuttular da jan nasa kaf a cikin kwata, kuma na rantse ba zan niƙa wani ba. Gobe zai gane, zai kira 'yan doka. Su yi ta dukan, bayana zai warke. Idan kika zauna a gaban ƙyallen nan, wa zai maido mini da ke?

Naki, ko ina kurkuku ko ina kabari,
Muntaka marini.