Goron da Ya Dawo Cikin Faranti

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, Inna, amma wannan labari ya ƙi zama a cikina.

Kin bar ni ina koyar da lissafi a kwalejin Matameye a kan kwantiragi. Makonnin baya aka aiko mai duba malamai daga Damagaram, ya zauna a bayan ajina da biro a hannu. Abin da zai rubuta shi zai sa a tabbatar da ni a aikin ko a sallame ni.

Ina tsakiyar darasin rabawa sai ɗalibata Sa'ade ta ɗaga hannu, wai goma sha biyu a raba da sifiri nawa ne. Aji ya amsa baki ɗaya, sifiri! Na san ba haka ba ne. Amma mu abin da mushenmu, wato malaminmu na lissafi, ya koya mana shi ne ba a yi, dalili kuwa bai taɓa ba mu ba. Alli ya tsaya a hannuna. Sai farantinki ya faɗo mini a rai.

Ke ake kira rabon goro a duk sunan da aka yi a unguwarmu. Ba ki taɓa shiga lakwal kin yi boko ba, amma in kin kasa goro, ba mai ɗauka sai kin sake ƙirga kason duka. Kullum maganarki ɗaya: "A haɗa mu gani. In bai koma yadda yake ba, an yi kuskure."

Kin tuna ranar sunan ɗan Yaya Habu? Muka kai goro goma sha biyu gidan Malam Idi na hanyar Dawce, muka tarar da ƙofa a rufe. Maza sun tafi ci-rani Kano, matan sun koma Yauri wajen iyayensu. A hanya na ce miki ke nan kowa ya samu babu. Kika tsaya kika kalle ni: "Kowa wa? Ga goron nan a faranti. Ba a yi rabo ba."

Shi na zana musu a allo, Inna. Goro goma sha biyu, mutum uku, kowa huɗu. A haɗa huɗu sau uku, ya koma goma sha biyu. To in babu mutum ko ɗaya fa? Na ce su kawo lambar da suke so. Suka kawo biyar, suka kawo dubu. Kowace aka ninka da sifiri, sifiri take bayarwa, ba ta komawa goma sha biyu. Ashe amsar ba a ɓoye take ba, babu ita ne. In kuwa farantin ne babu komai, mutum uku na jira, nan ne kowa ke samun sifiri. Sa'ade ta ƙara da tata: faranti babu komai, mutane babu fa? Muka gwada, kowace lamba ta yi daidai, don haka babu wadda za a ce ita ce amsa.

Da aka tashi, baƙon ya tambaye ni a wane littafi na samo wannan bayani. Na ce masa wajen wata mai rabon goro, sunanta Rabi. Na ga ya rubuta.

Jiya takardar ta iso. An tabbatar da ni. Na so a ce ke na fara miƙa wa, ki juya ta sama da ƙasa kamar yadda kike yi wa takardun jarrabawata, ki ce in karanta miki sau biyu.

Allah Ya haskaka makwancinki, Innata. Ya sa duk yaron da ya gane wannan darasi ladansa ya iske ki. Ranar da za a raba rahama, Allah Ya cika miki naki kason.

'Yarki mai alfahari da ke,
Hadiza